Ngorongoro: na ga karkanda, amma kamfanin ya ɓata min rai

Tun a Arusha na faɗa wa mai kamfanin yawon buɗe idon da zai kai mu kwarin Ngorongoro cewa karkanda ce ta kawo ni Tanzaniya. Giwa dai na gan ta a Yankari tun ina ɗan makaranta. Ya ce babu damuwa, direba zai ɗauke mu a Karatu ƙarfe biyar da rabi na asuba. Sai bakwai da rabi ya iso, ko ban haƙuri babu. Awa biyu ni da maiɗakina muna zaune a ƙofar masauki, sanyi yana ratsa ƙashi.

Da wannan fushin na hau motar. Amma da muka kai bakin kwarin, hazo ya yaye, sai na rasa bakin magana. Dutse ne mai aman wuta da ya rufta cikin kansa shekaru sama da miliyan biyu da suka wuce, ya bar wani ƙaton kasko mai zurfin kusan mita 600. Daga sama ɓauna kamar tururuwa. Muka gangara muka tarar da jakunan dawa, kuraye, da zakuna kwance a inuwar motoci, motocin kuwa sun yi musu zobe, sun fi goma. Abin da sammako zai raba mu da shi ke nan.

Wajen sha ɗaya rediyon oba-oba ya yi ƙara, na ji ana ta cewa "faru, faru", wato karkanda da Swahilanci. Direba ya juya kan mota bai ce mana komai ba. Can kusa da dajin Lerai sai ga ta, baƙar karkanda, da ɗanta a gefe. Ta tsallaka hanya a gabanmu, busasshen taɓo ya daddare a gadon bayanta, kunnuwanta na juyawa ɗaya gaba ɗaya baya, ɗan yana tuntuɓe da ƙafafunta. Ba mu ma buƙaci madubin hangen nesa ba. Maiɗakina sai "Subhanallahi" take maimaitawa. Wallahi a lokacin na yafe wa direban nan, har na ƙudurta zan ƙara masa tukuici.

Sai muka tsaya cin abinci a Ngoitokitok, inda dorinai suke cikin ruwa, shirwa na shawagi tana jiran mai sakaci. Na buɗe kwalin abincin, na ga nama a tsakanin burodi, na tambaya. Naman alade ne. Sau uku na rubuta wa mai kamfanin a WhatsApp cewa mu Musulmi ne, sau uku ya amsa. Ayaba da biskit muka wuni da su, bayan duk dalolin da muka zuba.

Kwarin kam ku je, ku tafi da rigar sanyi mai kauri, kada kuma ku sa ran raƙumin dawa a ƙasan, ba ya sauka can. Kamfanin ne ba zan tura ko maƙwabcina ba. Na yi wa mai shi ƙorafi tun ranar da muka dawo, ya karanta, har yau shiru.