Faifan garmaho, CD ko intanet: wanne ya dace da mai tara kundayen rock da pop?

Duk mai son kiɗan rock da pop da ya yi niyyar tara kundayen waƙoƙi yana da hanyoyi uku a gabansa, wato sauraro ta intanet, faifan garmaho, da faifan CD, kuma bai kamata ya zaɓa ba sai ya duba zamanin da aka yi kundin da yake so.

Manhajoji irin su Spotify sun fi dacewa da ɗanɗano kafin saye. Mai biyan kuɗin wata-wata haya yake yi, domin kundi yana iya ɓacewa ranar da yarjejeniyar kamfanoni ta ƙare, kuma ba kullum ake bayyana wane bugu na kundin ake saurare ba, na asali ne ko wanda aka sake fitarwa.

Faifan garmaho mai dogon zango, wanda kamfanin Columbia ya fitar a 1948, yana ɗaukar kimanin minti 22 a kowane gefe, kuma wannan iyakar ce ta tsara yadda mawaƙan shekarun 1960 da 1970 suka riƙa jera waƙoƙinsu. A kundin The Dark Side of the Moon na ƙungiyar Pink Floyd, wanda ya fito a 1973, waƙoƙin kowane gefe a sarƙe suke babu tsayawa, ta yadda tashi a juya faifan ya zama hutun da mai sauraro yake bukata kafin kashi na biyu. Ina matuƙar son wannan tsari. Sai dai faifan yana da wuyar sha'ani: ƙura tana sa shi ƙas-ƙas, zafi yana lanƙwasa shi, allurar da ke karanta shi tana cinyewa, kuma tsabtar sauti tana raguwa idan allurar ta matso tsakiya. Mai sayen tsohon faifai ya ɗaga shi ya karkata a cikin haske, ya shafa duk wani ƙarzane da ya gani a hankali, domin wanda yatsa ya ji, allura ma za ta ji shi. Sababbin bugu kuwa, da yawansu daga sautin kwamfuta aka yanko su, don haka tsadarsu ba ta tabbatar da cewa sun fi CD.

Faifan CD, wanda Sony da Philips suka kawo kasuwa a 1982, shi nake bai wa mafi yawan masu tarawa shawarar su dogara da shi. Yana ɗaukar kusan minti 80, haske ne yake karanta shi ba tare da taɓawa ba, kuma ana iya kwafe shi a kwamfuta ba tare da an rasa komai ba. Matsalarsa tana wajen masu tace sauti. Daga shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar ƙara, suna matse sauti har wurin da ya kamata ya yi sanyi ya yi daidai da wurin da ya kamata ya yi amo. Sakamakon haka bugun ganga ya rasa nauyinsa, muryar mawaƙi da jita suka cakuɗe, kunne kuma yakan gaji tun kundin bai kai rabi ba. Wannan ya sa nake duba shekarun da aka rubuta a bayan kwali, kuma sau da yawa bugun shekarun 1980 ya fi mini wanda aka sake tacewa daga baya, ko da yake sai an ƙara masa murya.

Ba kowace sabuwar tacewa ce ɓarna ba. A 2009 an sake fitar da kundayen ƙungiyar The Beatles cikin kulawa, a akwati ɗaya na sitiriyo (sautin da aka raba tsakanin lasifikar hagu da ta dama) da wani na mono (sauti ɗaya da ba a raba ba). A kundayensu na farko an fi ba da hankali ga haɗin mono, yayin da na sitiriyo yakan jefa murya a lasifika ɗaya, kayan kiɗa a ɗaya. Wanda ya saba sauraro da abin sawa a kunne zai ji wannan rabuwar ta dame shi, saboda haka a waɗannan kundaye na mono ya kamata ya nema.