Garin Tom Brown na kunun yara, abin da na gani

Iyaye mata masu yaran da suka fara cin abinci, ga ra'ayina kan garin Tom Brown ɗin nan da ake ƙullawa a leda. Ni wajen wata baiwar Allah nake saye a unguwarmu, ita ke soya kayanta da kanta ta kai inji.

Haɗin dai sananne ne, gero ko dawa awo 6, waken suya awo 3, gyaɗa awo 1, a soya kowanne daban sannan a niƙa tare. Kina kwance ledar ƙamshin soyayyar gyaɗa zai cika miki hanci, garin lukwi ba tsakuwa, kuma babu gafin nan na waken suya da ke sa yaro ya kau da kai, don tana surfe shi ta sheƙe ɓawon tas. Na taɓa samunta zaune da faifai tana tsince gyaɗa ɗaya bayan ɗaya tana fidda masu fumfuna, wallahi abin ya kwanta min a rai, don rubabbiyar gyaɗa gubarta hanta take taɓawa.

Damawa ba wuya amma fa sai an ɗora a wuta ya dahu sosai, ba irin koko ba ne da za ki sheƙa tafasasshen ruwa shi kenan. Kuma a yi shi da kauri! Mu da yawa daga yaro ya cika wata 6 sai mu dinga ɗura masa koko tsararo, ciki ya cika jiki bai samu komai ba, nan tamowa ke samun ƙofa, yau gudawa gobe zazzaɓi a yi ta sayen magani alhali matsalar tana cikin kofin kunu. Nono kam a ci gaba har shekara 2.

Inda ban ji daɗi ba, ledar ba kwanan wata ba komai, ga shi gari mai gyaɗa in ya daɗe a zafin nan maƙaƙi yake yi. Sannan akwai wanda take zuba wa suga tun a garin, ni marar suga nake karɓa in sa ɗan dabino ko ayaba.

Don Allah kar a ɗauke shi magani. In an auna damtsen yaro tef ɗin ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa sun kumbura, asibiti za a kai shi a ba shi madarar gyaɗar nan ta masu tamowa. Ina ma a ce ranar awo da rigakafi malaman asibiti na zaunar da mu su nuna wannan haɗin da gwangwani a hannu, ba a ce mana "a ba shi abinci mai gina jiki" kawai a kira na gaba ba.

Zan ci gaba da saye, amma kaɗan-kaɗan wanda zai ƙare da wuri, a juye a roba mai murfi.