Daga Seoul zuwa Tudun Wada: hannun gwamnati a kasuwa

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen unguwa baki ɗaya. Ka ce har yanzu gardamar majalisarku ta ƙofar shago ba ta mutu ba, wasu na cewa gwamnati ta cire hannunta daga harkar kasuwa, wasu na cewa ita ya kamata ta ja gaba. To ga abin da idona ya gani a Koriya ta Kudu.

Abinci a nan akwai tsada. Naman sa sai ka yi shawara da aljihunka, na halal kuwa mukan je unguwar Itaewon ne, kusa da babban masallaci. Shinkafar waje da ta wuce adadin da aka yarje a shigo da shi, harajin kashi 513 cikin ɗari ake ɗora mata. Manominsu ya tsira, mai saye shi ke biya, kuma mu baƙi muna jin abin a jikinmu.

Amma zo ka ga motar haya. A tasha akwai allo da ke nuna maka minti nawa ya rage bas ta iso, kuma sai ka ga ta iso ɗin. Ka ɗora kati a bakin ƙofa, won 1,500 na kuɗinsu ya fita. In za ka sauka ka sake ɗorawa, in ka shiga wata bas cikin minti 30 ba za a sake cajin ka sabon kuɗi ba. Motocin na kamfanonin 'yan kasuwa ne, sai dai tun 2004 hukumar birni ke tsara hanyoyi, ita ke yanke kuɗin mota, a tara kuɗin wuri guda a biya kowane kamfani gwargwadon aikin da ya yi. Shi ya sa direba ba ya tsere da ɗan'uwansa kan fasinja. Duk sanda na shiga sai in tuna ɗalibai da ƙananan ma'aikata masu bin hanyar Kwangila zuwa Samaru, yadda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ba tare da an tanadar musu abin hawa ba. Wallahi abin yana ci mini rai.

Masu cewa a bar wa 'yan kasuwa suna da hujja. NITEL ta gwamnati ta yi shekaru tana riƙe da waya, talaka bai samu ba sai da kamfanonin salula suka shigo a 2001. Amma a 2013 an sayar da kamfanonin rarraba wuta, kuma kai ka fi ni sanin ko injin niƙa ya daina shan dizal. A 1986, lokacin SAP, wato shirin gyaran tattalin arziki, an rushe hukumar cinikin auduga, manomin Giwa da Funtuwa aka bar shi da dillali. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ta rufe a 2002.

Su nan gwamnati ce ta kafa kamfanin ƙarfe na POSCO a 1968, duk da Bankin Duniya ya ce abin ba zai yiwu ba. A 1973 ya fara narkar da ƙarfe, sai da ya tsaya da ƙafarsa aka kammala sayar da shi a 2000. Namu na Ajaokuta tun 1979 ake abu ɗaya. Bambancin shi ne sharaɗi. Park Chung-hee, shugabansu na wancan lokacin, mai mulkin kama-karya ne, ma'aikata sun sha wuya a hannunsa, ba na yi wa ƙasarmu fatan irinsa. Amma rancen da gwamnatinsa ke ba kamfani a ɗaure yake da yawan kayan da ya fitar waje, wanda ya gaza a yanke masa. Kamfanin Daewoo ma, da muka san motocinsa a Zariya, da bashi ya ci shi a 1999 an bar shi ya wargaje.

Saboda haka ka gaya wa 'yan majalisa ina tare da masu cewa gwamnati ta ja gaba, amma mai bin diddigin kuɗinta. A kai wa manomi irin audugar da cibiyar binciken noma ta Samaru ke fitarwa, a sanar da farashi tun kafin shuka, a ware wa masaƙu wuta. Wanda ya karɓi tallafi kuma a buga sunansa da yadin da ya yi alkawarin saƙawa, in shekara ta zagayo bai cika ba ya dawo da kuɗin jama'a.