Mako 12 a ajin motsa jikin masu haki: na amfana, amma ranar janareta ta tsaya mini a rai

Likitan ƙirji ne ya tura ni wannan shiri, bayan maiɗakina ta gaji da tashina cikin dare saboda minsharina yakan yanke, in yi shiru kamar rai ya fita, sannan in farka ina jan numfashi da ƙyar. Da rana kuwa gyangyaɗi nake yi a shago ko da mai saye yana tsaye a gabana. Nauyina a lokacin kilo 131 ne, kuma gwajin jini ya nuna cewa gurɓatacciyar iskar da ya kamata huhu ya fitar tana taruwa a jikina har da rana, domin teɓa ta danne ƙirjin ba ta barin sa ya buɗe sosai. Aka ɗora ni a kan na'urar CPAP da dare, wato injin da ke hura wa mai barci iska ta hanci don hanyar numfashi ta zauna a buɗe, aka kuma ce in yi rajista a wata cibiyar gashin ƙashi da motsa jiki a nan Kano, sau uku a mako.

Malamar da ta karɓe ni ta san aikinta. Ranar farko ta maƙala mini ƙaramar na'urar auna oksijin a yatsa, ta sa ni kai da komowa na minti shida a baranda mai tsawon mita 30. Sau uku na tsaya na dafa bango, mita 255 kacal na yi, lambar kuma ta sauko daga 93 zuwa 86. Ba ta yi mini wa'azin rage tuwo ba, abin da kowa ya saba yi mini. Cewa ta yi: "Alhaji, shaƙa ta hanci ka ƙirga biyu, ka fitar ta baki kamar mai hura koko mai zafi ka ƙirga huɗu." A kan keken motsa jiki kuma minti biyu nake tuƙawa in huta ɗaya, tana tambayata ƙarfin hakina daga sifili zuwa goma, ba ta bari ya wuce huɗu. Kafin mako na shida na fara yin sujada ba tare da na ɗago kai da gaggawa don neman iska ba, kuma da a lokacin na rubuta wannan sharhi, yabo zalla za a karanta.

A mako na bakwai, tsakiyar hunturu, na je na tarar Malama ba ta nan, an bar mu da wani matashi wanda idonsa bai bar waya ba. Mu shida ne a ɗakin, an rufe tagogi saboda hazo. Ana cikin tuƙi aka ɗauke wuta, sai aka tayar da janareta, ashe a gindin tagar da gilashinta ɗaya ya fashe aka ajiye shi. Cikin ƙanƙanin lokaci warin fetur ya cika ɗakin, idona ya fara yaji, wata Hajiya da ke kusa da ni ta kama tari har sai da ta sauka daga kan keken ta zauna a ƙasa. Na ce masa: "Samari, hayaƙin nan fa shigowa yake yi." Ya amsa: "Baba, yi haƙuri ka ci gaba, yanzu za a kawo wuta." Na nemi na'urar yatsa, ya lalubo ta a aljihun tebur, batirinta ya mutu, kuma ita kaɗai ce ta mu shida. Ni da kaina na buɗe ƙofa na ce kowa ya fito waje.

Daren nan ciwon kai bai sake ni ba har asuba. Da na ba likitana labari ransa ya ɓaci, ya kuma gaya mini abin da ya ƙara tayar mini da hankali: ko da batirin yana aiki, irin wannan na'ura ba ta bambance gubar hayaƙin janareta da oksijin a cikin jini, don haka tana iya nuna lamba mai kyau alhali mutum yana shaƙar ajalinsa. Wurin da ya karɓi kuɗin masu ciwon numfashi bai kamata sai abokin hulɗa ya koya masa inda ake ajiye inji ba. Na kai ƙara wurin manaja, ya ce an ji, ba a mayar mini da kuɗin ranar ba, kuma sai da aka kwashe mako biyu kafin aka matsar da janaretan bayan katanga. Daga nan ne na fara ganin abubuwan da da nake kau da kai a kansu, irin su sikelin da ba ya wuce kilo 120, a cibiyar da yawancin masu zuwanta sun haura haka, da sirdin keken da kamar don yara aka ƙera shi.

Duk da haka ba zan ci amanar aikin Malama ba. A gwajin ƙarshe na yi mita 380 ban dafa bango ko sau ɗaya ba, yanzu kuma da ƙafa nake zuwa masallacin Juma'a. Kilo shida kawai na rage, kuma likita bai ɓoye mini ba cewa rabuwa da wannan ciwo yakan buƙaci zubar da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyin jiki, saboda haka CPAP tana nan daram a gefen gadona. Na sabunta rajistata, amma a ranakun da Malama take nan kawai, na sayi na'urar yatsa tawa da batiri biyu a aljihu, kuma kafin in hau keke sai na leƙa bayan tagar nan tukuna.