DJI Mini 3 a Gombe: hoto garau, amma a yi sallama kafin a tashe shi

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da walima, kuma yanzu amaren Gombe ba sa yarda aiki ya kammala babu "hoton sama". Dole ta sa na sayi DJI Mini 3, ƙaramin jirgi maras matuƙi mai ɗauke da kyamara. Nauyinsa bai kai giram 249 ba, naɗe shi ake yi a jefa a jaka. Hoton 4K yake fitarwa garau, kyamarar kuma tana juyawa ta ɗauka a tsaye, daidai da 'yan TikTok. Kamfanin ya ce batir na kai minti 38, amma in iskar hunturu ta taso kada ka sa rai, tanadi na biyu. Ba ya ganin abin da ke gabansa, don haka a lungunan Jekadafari, inda wayoyin lantarki suka yi saƙa, sai ka bi a hankali.

Abin da ba a rubuta a kwali ba shi ne fargabar mutane. Tun da jirgin sojoji maras matuƙi ya saki bam kan masu Maulidi a Tudun Biri, Jihar Kaduna, a Disamban 2023, aƙalla mutum 85 suka rasu, ƙarar irin wannan jirgi ta daina zama abin wasa. A wani ɗaurin aure wajen Kwami, ina tashin nawa jirgin wata dattijuwa ta ja jikokinta ta shige ɗaki. Da na je ba ta haƙuri ta ce, "Ɗan nan, ai ko baƙo sallama yake yi."

Ban ga laifinta ba. Kai shi mita 100 ka dubi allo: mai sanda da mai bindiga duk ɗigo ne, ango ma sai da babbar rigarsa nake gane shi, ni da na san shi ke nan. Ƙarin da aka yi wa yarjejeniyar Geneva kan dokokin yaƙi a 1977 ya wajabta wa mai kai hari ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya tantance, in kuwa akwai shakka a ɗauki mutum farar hula. Kyamarar sojoji ta fi tawa nesa ba kusa ba, na sani, amma cincirindon masu zikiri da dare, sai ɗan gari zai ce maka ga abin da suke.

Ga mai ɗaukar biki, kuɗinsa ba su faɗi banza ba. Sai dai ka nemi izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ka nisanci filin jirgin Lawanti da barikin soja, sannan ka sa mai unguwa ko sanƙira ya yi shela tukuna.