Raunin laka da komawa aiki: horo tukuna ko aiki kai tsaye?

Tsohuwar hanya ita ce a jira mutum ya gama jinya, a tura shi cibiyar koyon sana'a, sannan ya nemi aiki. Tana da amfani ga direba ko magini da dole ya sauya sana'a, amma watanni kan wuce yana zaune a gida, tsohon wurin aikinsa ya ɗauki wani, zuciya ta mutu.

Hanya ta biyu, wadda ake kira IPS (Individual Placement and Support, wato sama wa mutum aiki tare da tallafa masa a kai), takan sa jami'in neman aiki cikin tawagar likitoci tun ana jinya. A tambayi abin da mutum yake so, a nemo aikin albashi da wuri, a koya masa a bakin aiki. A wani binciken tsofaffin sojojin Amurka na 2012, waɗanda suka bi ta sun fi samun aiki da ninki biyu da rabi.

A ganina ta biyun ta fi, muddin jami'in ya je wurin aikin da kansa. Ya auna ƙofa, kada faɗinta ya gaza santimita 80. Gangarar keken guragu ta samu tsawon mita 12 ga kowace mita 1 ta tsayi. A tabbatar keke na shiga banɗaki, domin mai sa robar fitsari na buƙatarsa duk awa 4 zuwa 6. A ba mai raunin damar ɗaga jikinsa daga kujera duk rabin awa, in ba haka ba gyambon zama zai kwantar da shi makonni, aikin ya kuɓuce.

Cikas ɗinta kuɗi ne: sai an ci gaba da biyan jami'in, don bibiya ba ta ƙarewa ranar kama aiki.