Mai shiga tsakani ko mai yanke hukunci?

Masu koyon sasanta rikici kan haɗa waɗannan biyun, alhali ba ɗaya suke ba.

Mai shiga tsakani ba shi da ikon tilasta wa kowa. Aikinsa sauraro: ya zauna da kowane ɓangare, wani lokaci a keɓe, ya tono ainihin buƙatar da ke bayan zafafan kalamai. Masu rigimar ne ke ƙulla yarjejeniya da kansu, shi ya sa takan ɗore. Amma fa in ɗaya ya kafe, zama ya watse.

Mai yanke hukunci kuwa, wanda ɓangarorin suka zaɓa a wajen kotu, hujjoji yake ji ya yanke, kuma dole a bi. Yarjejeniyar New York ta 1958 ta sa ƙasashe sama da 170 suna aiwatar da irin wannan hukunci. Takwararta ta sulhu sai a 2019 aka sa mata hannu a Singapo.

In 'yan'uwa ne ko abokan ciniki da za su ci gaba da hulɗa, na fi karkata ga na farko. Kwangilar maƙudan kuɗi tsakanin kamfanonin ƙasashe biyu kuma, a kai wa na biyu.